Injin yankan haki na ratayawa, bayan damina guda ina aiki da shi

Jama'a wanda duk ke da fili bayan gida nan Birnin Kebbi ya san abin da watan Agusta ke yi muna. Ni unguwar Badariya nike, ɗan filin da munka bari don yara su riƙa wasa kirikiri ne munka dasa ciki, to da ruwa ya zauna wallahi kwana goma in ba ka taɓa shi ba sai ka rantse fadamar Argungu ce, ga harkiya da tafasa sun shigo ba gayya, ga sauro da magariba, uwargida kuma kullum zancenta guda, maciji.

Da lauje muke fama, ni da ƙanena, baya kamar zai karye. Wani ya ce in yi feshi, na ƙi, don maganin kashe hakin nan glyphosate bai san naka ba bai san na daji ba, duk koren da ya taɓa ya tafi, ga zogalena gefe, kuma tumakina biyu hakin nan suke ci.

Shi ne na sayi injin nan ɗan Chana mai 52cc da ake ratayawa a kafaɗa. Aiki kam yana yi, abin da ke cin muna wuni guda yanzu kafin rana ta yi zafi na gama, har gindin katanga inda lauje ba ya shiga. Kai biyu gare shi, na zaren roba don haki mai taushi da wuƙar ƙarfe mai baki uku, ita nike sa ma tafasa in ta yi kauri.

Amma fa sai an yi haƙuri da shi. Injin tu-sturok ne, ba a zuba mai zalla, dole ka gauraya fetur da baƙin mai nashi, nawa 25 da 1 anka rubuta jikin gorar awo, wato fetur kashi 25 baƙin mai kashi 1, kuma mai shagon bai ce min komai ba, da ban duba ba da ranar farko na ƙone shi. In man ya kwana biyu cikin tanki tada shi sai ka ja igiya har hannu ya gaji, fulogi ma sau biyu ina wankewa. Zaren kuwa kamar taliya yake ƙarewa in yana bugun bulo. Ga ƙara, maƙwabcina Alhaji har leƙowa ya yi ya ɗauka injin markaɗe na kawo.

Kuskuren da na yi da farko aske hakin na yi ƙwal har ƙasa, wurin ya yi ja ya yi tabo-tabo, karangiya ta samu hanya. Yanzu sama-sama nike ɗebe mai, kamar kashi ɗaya cikin uku, duk sati. A sa tabarau da takalmi rufaffe don Allah, tsakuwa ta taɓa samuna a ƙwauri har yau da tabo. Kuma a kore yara tukuna.

In filinka tabarma biyu ne bar kuɗinka, lauje ya ishe ka, da tsadar fetur ɗin nan. Nawa dai ya kai a saya.