GARGAƊI GA MASU ƘANANAN SANA'O'I A ABUJA: An damfare ni naira 185,000 da sunan baje kolin Black Friday

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a, musamman matan Abuja da ke tallan kaya a Instagram da WhatsApp. Naira 185,000 aka karɓe mini da sunan rumfa a wani baje kolin Black Friday da ba a taɓa shirya shi ba. Dubu ɗari da tamanin da biyar, kuɗin adashen da na kwasa. Har yanzu in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Ƙaramin shago gare ni a Kubwa: atamfa, leshi, mayafai da turaren wuta. Kun san yadda ƙarshen shekara ya koma. Tun da su Jumia da Konga suka saba wa mutane da ragin watan Nuwamba, ko a shagon unguwa mai saye zai ce miki "Hajiya, ba ragin Black Friday?" Al'adar Amurka ce, Juma'ar da ke bin bikinsu na Thanksgiving, a 2025 ta faɗo 28 ga Nuwamba. Su manyan kamfanoni suna iya karya farashi don da yawa suke saye. Mu da muke sarowa daga Kantin Kwari a Kano, mu biya kuɗin mota da na 'yan dako, ribar turmi ɗaya ba ta taka kara ta karya ba. In za ki yi ragi ba ki faɗi ba, sai dai ki sayar da kaya masu yawa cikin ɗan lokaci, a inda jama'a suka taru. Wannan buƙatar tamu ita ɓarayin nan suka gano.

Kafin wani ya ce "ai ke ce kika tura wa wanda ba ki sani ba kuɗi", ku saurara. Matar da ta kawo mini maganar baje kolin nan, da ƙafarta ta zo shagona. Da ƙafarta. Ta yi sallama, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta tambayi yara. La'asar ta same ta a wurina, ni na miƙa mata buta, ni na shimfiɗa mata darduma a bayan kanta. Da ta idar ta sayi mayafi ba ta ko nemi ragi ba. Sannan ta buɗe wayarta ta nuna mini zanen ɗakin taron, rumfuna a jere kowacce da lambarta, ta ɗora yatsa a kan wadda ke daf da ƙofar shiga ta ce, "Hajiya, wallahi saura biyu, don ke tamu ce na riƙe miki wannan." Ke tamu ce. Wannan maganar ce ke hana ni barci. Matar da ta yi salla a kan dardumata, ta kalli idona ta ce wallahi. Wane ne a cikinku zai ce a ransa ɓarauniya ce?

Kuɗin ga yadda suke: 120,000 na rumfa kwana biyu, 25,000 na janareto da masu gadi, 40,000 na talla. A'a, na tallan ne ya riga na janareton, don sai da ta sa hoton kayana a shafinsu na ga mutane suna yabawa sannan ta kira ta ce a cika sauran. Ko ma dai wanne ya riga, 185,000 ne. Kowanne kuma ta turo mini rasit mai tambari da sa hannu.

Kuma na bincika, Allah shaida ne. Ba jiya na fara kasuwanci ba. Na nemi lambar rajistarsu ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta turo, na shiga shafin hukumar na duba, sunan kamfanin ya fito. Ashe kamfanin wasu bayin Allah ne da ba su ma san ana yawo da sunansu ba. Da zan tura kuɗin na ga asusun sunan mutum ne, na tsaya na tambaye ta, ta ce na akantansu ne, asusun kamfani ya samu matsala saboda yawan kuɗin da ke shiga. A gurup ɗin WhatsApp da ta saka ni akwai mata biyu da suka ce sun yi baje kolin bara, har ɗaya ta ce kayanta sun ƙare tun ranar farko. Na kira su duka, mun yi hira sosai. Yanzu lambobinsu a kashe suke. Nasu ne. To me kuma ya rage in yi wanda ban yi ba?

Ranar Juma'ar tun da sanyin safiya na ɗauki shatar mota daga Kubwa zuwa Wuse 2, jakunkuna cike, kowane turmi na manna masa takardar sabon farashi da hannuna. Na tarar da mai gadi a bakin get, ciki kuma ana ɗaura yadin ado a kujeru, biki za a yi da dare. Ya ce shi bai san da wani baje koli ba, manaja ma ya fito ya ce ba wanda ya kama musu wuri. Ba ni kaɗai ba ce. Ga mata tsaitsaye a bakin titi da kayansu, kowa na danna waya. Wata baiwar Allah daga Nyanya ta kwana tana soya cincin da dubulan, ta haɗo zoɓo da kunun aya a kula. Ni atamfa ba ta lalacewa, ita fa? Zama ta yi a kan kular tana hawaye ba ta ce uffan ba.

Na manta ban faɗa ba, tun daren Alhamis aka rufe gurup ɗin, shugabanni kaɗai ke iya magana, wai don kada sanarwa ta ɓace. Har saƙon murya ta turo mini a daren, tana cewa in zo da wuri in gyara rumfata. Ina tsaye a bakin get ɗin nan na ga an cire ni daga gurup. Shafinsu na Instagram kuma ya canza suna, hotunanmu duk an goge.

Kuma 185,000 ɗin ba su ne kaɗai asarar ba. Saboda baje kolin nan na ƙaro kaya bashi daga wurin Alhajin da nake sara a Kwari, da alkawarin zan biya farkon Disamba. Ga kuɗin shata zuwa da dawowa. Ga masu sayen da na yi ta sanar wa su zo su same ni a can, wasu sun je, suna kirana, na rasa bakin magana. Baban yara bai ce mini komai ba sai "Allah ya mayar da alheri", ni kuwa kunya ta hana ni haɗa ido da shi.

Na je banki a ranar, suka karɓi ƙorafi, suka ce in kawo takardar 'yan sanda, kuma riƙe asusun sai da umarnin kotu. Na kai rahoto, muna kuma haɗa takardar koke zuwa EFCC.

Ku dai kada ku biya kuɗin rumfa sai kun je ɗakin taron da kanku kun tambayi manaja. Asusu in ba sunan kamfani ba ne, ku bar shi.

Hotunan hirarmu, rasit uku, shaidar tura kuɗi da saƙon muryar nan duk suna hannuna, zan saka su da zarar jami'in da ke binciken ya ba ni izini. Ban yafe ba, 185,000 ɗina da na sauran matan nan Allah ya isa. Duk wadda ta biya kuɗin wannan baje kolin ta yi mini magana ta akwatin saƙo, ranar Litinin za mu koma wurin 'yan sanda tare, kowa ta zo da rasit ɗinta.