Tsohon soja mai ciwon hanta: wane shirin intanet ne zai raba shi da giya?

Kafin ka sauke kowace manhaja, ka bincika abu ɗaya: rage sha take koyarwa ko dainawa? Ga wanda hantarsa ta riga ta ƙanƙance, likitocin hanta ba su yarda akwai wani adadin giya mara haɗari ba. Saboda haka shiri irin Moderation Management, wanda aka gina a kan ƙidayar kofin giya da taƙaita shi, a ajiye shi gefe tun daga farko.

VetChange shi ne ya fi kusa da rayuwar soja. Kyauta ne, masu bincike a Boston ne suka tsara shi tare da hukumar kula da tsoffin sojojin Amurka, VA, musamman saboda waɗanda suka dawo daga Iraƙi da Afghanistan. Abin da ya burge ni shi ne bai raba shan giya da abin da ke jawo shi ba. Mutum ya farka ƙarfe biyun dare cikin gumi bayan mafarkin fagen daga, hannunsa ya nufi kwalba. Manhajar tana ba shi wurin rubuta abin da ya tayar masa da ƙishirwar, da dabarar da zai bi har ta lafa. Sai dai tana barin mutum ya zaɓi ragewa ko dainawa, kuma ba ta san sakamakon gwajin jininsa ba. Mai ciwon hanta ya zaɓi dainawa.

CBT4CBT, shirin intanet mai koyar da dabarun kauce wa shaye-shaye, wanda marigayiya Kathleen Carroll ta jami'ar Yale ta jagoranta, yana amfani da gajerun bidiyo: ga wani an miƙo masa kofi a wurin biki, ga yadda ya ƙi karɓa. Wannan yana da muhimmanci, domin idan hanta ta gaza tace jini, guba kan kai ga ƙwaƙwalwa, mutum ya riƙa ruɗewa, dogon karatu ya gagare shi. Galibi ta hannun asibiti ake samun sa, ka tambaya wa zai biya kuɗin.

Tarukan AA (Alcoholics Anonymous) da na SMART Recovery kuwa, ƙungiyoyin taimakon juna na masu son daina sha, ana yin su ta bidiyo, ba a biyan ko kwabo. Na farko ya jingina da imani, na biyu da dabarun sarrafa tunani.

Da ɗan'uwana ne, da VA Video Connect zan fara masa, wato ganawa da likita ta bidiyo, sauran su biyo baya. Wanda ya shekara yana sha kullum, idan ya yanke dare ɗaya, jijjiga na iya kama shi cikin kwana biyu, ko mummunan ruɗewa da kan kai ga ajali. Babu manhajar da za ta tare wannan. Likita ne kuma zai zaɓi magani: disulfiram na cutar da hanta, naltrexone sai da lura, acamprosate ta ƙoda yake fita, baclofen kuwa an gwada shi a kan masu ƙanƙancewar hanta.

Idan dare ya yi nauyi har tunanin halaka kai ya shigo, a Amurka a buga 988 a danna 1, layin agajin gaggawa na tsoffin sojoji.