Akwatin siga mai sanyaya da ƙwaron taba: abin da yake iyawa da inda ƙarfinsa ya ƙare

Akwatin da muke magana a kai shi ne mai kama da ƙaramin firij, mai ƙofar gilashi da aljihunan katako, wanda ke ɗaukar karan siga (taba mai kauri da ake naɗewa da ganyen taba) 100 zuwa 300. Kamfanoni irin su Whynter da NewAir sun daɗe suna yin sa, kuma yanzu wasu da dama sun shigo kasuwar da ƙira kusan iri ɗaya. Yawancin masu sayensa tsoron abu guda ne ke tura su: su buɗe kwali su tarar da ƙananan huji a jikin sigar da suka shekara suna tattali, da garin taba mai launin ƙasa a gindin kwalin. Don haka a kan wannan ma'auni za mu auna shi. Hukuncinmu shi ne yana da amfani sosai kuma ya cancanci kuɗinsa ga mai tarin siga, da sharaɗin a san cewa kwantar da ƙwaron yake yi, kisa kuwa aikin firiza ne.

Sai an san halin ƙwaron kafin a gane dalili. Masana kimiyya suna kiransa Lasioderma serricorne. Tsawonsa milimita 2 zuwa 3 ne, ja-ja mai duhu, kansa a sunkuye ƙarƙashin jikinsa har ya zama kamar mai ƙusumbi. Macen tana iya saka ƙwai har 100 a lungunan ganyen taba, ƙanana ƙwarai, ido ba ya kama su a cikin naɗi. Idan da ɗumi, cikin kwana 6 zuwa 10 sun ƙyanƙyashe. Abin da ke fitowa farar tsutsa ce mai lanƙwasa da ɗan gashi-gashi, kuma ita ce mai ɓarnar. Takan yi mako 5 zuwa 10 tana cin ganyen ciki tana haƙa hanya, sannan ta kwanta cikin ƙwanso, ta rikiɗa, ta ɓula ganyen rufi ta fito a matsayin babban ƙwaro. Wannan hujin da ake gani, mai faɗin kan allura ko ya ɗan ɗara, ƙofar fita ce. Duk lokacin da ka gan shi, an riga an gama cin cikin karan, kuma mai yiwuwa wanda ya fito ya riga ya saka ƙwai a maƙwabta. Nikotin ɗin da ke kashe sauran ƙwari kuwa, shi yana iya jure shi.

Zafi shi ne linzaminsa. Ya fi bunƙasa a wajen digiri 30 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas tare da danshi kusan kashi 70 cikin 100, wanda kuma shi ne daidai danshin da ake ajiye siga a ciki. Danshin dai ba yadda za a yi da shi, siga ba ta zama a bushe. Saura zafi. Ƙasa da digiri 18 girman ƙwaron yakan tsaya cak ko ya yi jinkirin da ba ya kammala rayuwarsa. Daga digiri 22 zuwa sama kuwa haɗari ya fara. Akwatin katako na gargajiya, komai tsadarsa, ba shi da ta cewa a nan, zafin ɗaki shi ne zafinsa. Abin da akwati mai sanyaya ke sayar maka ke nan: ya riƙe cikin a digiri 16 zuwa 18 dare da rana, rani da damina.

A wannan aikin ya yi kyau. Mafi yawan masu wannan girman ba su da kwamfureso, wato injin sanyaya irin na firij. Suna amfani da farantin Peltier, wani ƙaramin falle da idan lantarki ya bi ta cikinsa gefe ɗaya ya yi sanyi ɗaya gefen ya yi zafi, sai fanka biyu, ɗaya tana juya iskar ciki, ɗaya tana fitar da zafi ta baya. Ba ya jijjiga, ƙararsa kaɗan ce, kuma sanyinsa a hankali yake sauka ba tare da ya tsotse danshin ciki farat ɗaya ba. Siga tana son irin wannan natsuwar. Ganyen rufi siriri ne, saurin sauyin yanayi kan tsaga shi.

Amma farantin nan yana da iyaka, kuma ita ce abu na farko da ya kamata mai saye ya auna kafin ya fitar da kuɗi. Ba ya iya sauke zafin ciki fiye da kimanin digiri 10 zuwa 12 ƙasa da na ɗaki. A ɗakin da ke digiri 27 zai ba ka 17 ba wahala. A ɗakin da ke kaiwa 35 da rana, ko ka saita shi a 16, cikin zai tsaya a wajen 24, fankar tana ta gudu ba hutu, ƙwan kuma yana ƙyanƙyashewa hankali kwance. Mafi muni, a wasu samfuran lambar da ke haske a ƙofa ita ce wadda ka saita, ko kuma zafin da ke daf da farantin, ba na aljihun sama ba. Kada ka yarda da ita. Sa ma'aunin zafi da danshi na daban, mai adana mafi girma da mafi ƙanƙantar lamba, ɗaya a aljihun sama ɗaya a na ƙasa, ka duba bayan kwana uku. Bambancin digiri 1 zuwa 2 tsakaninsu abu ne da aka saba gani. Wanda ɗakinsa ke da zafi sosai kuma babu na'urar sanyaya ɗaki, ya nemi mai kwamfureso. Ya fi tsada, ya fi ƙara, danshinsa yana hawa da sauka duk lokacin da injin ya tashi, amma yana kai sanyin inda ake so. A bar tazarar santimita 10 zuwa 15 a bayan akwatin, a nesanta shi da taga, a riƙa goge ƙurar fankar baya, domin ƙura kaɗai tana iya rage sanyin.

Matsala ta biyu raɓa ce. Farantin ciki yana tara ruwa, musamman a makonnin farko da lokacin da ake yawan buɗe ƙofa. Akwai ɗan rami a ƙasa da aka yi don ruwan ya fita, amma ta nan danshi ma ke tserewa, shi ya sa da yawa ke toshe shi da tef su ajiye ɗan faranti a wurin. Duk wanda ya toshe, wajibi ne ya riƙa leƙawa. Kada siga ko kwali ya taɓa bangon baya. Karan da ya jiƙa a can zai yi fumfuna, kuma ka tsere wa ƙwaro ka faɗa wata asarar. Tiren ruwa da ke zuwa da akwatin ba mu ba da shawarar amfani da shi ba, yana kai danshi sama da kashi 72 cikin sauƙi. Fakitin daidaita danshi na kamfanin Boveda mai kashi 65 ya fi dacewa da wuri mai sanyi, domin yana ba da danshi idan ya yi ƙasa, yana kuma tsotsewa idan ya yi yawa. Ƙa'idarsa fakiti ɗaya mai giram 60 ga kowane gurbin kara 25, kuma da girman akwatin ake lissafi, ba da yawan sigar da ke ciki ba. Mai ɗaukar 250 yana buƙatar fakiti 10, ko biyu na giram 320. Kafin a zuba komai a ciki a goge bangon roba da tataccen ruwa, a bar ƙofa a buɗe kwana biyu ko uku warin sabuwar roba ya fita, sannan a shayar da katakon da fakitin kashi 84 na tsawon kwana 14. A gwada ma'aunin danshi da jiƙaƙƙen gishiri a cikin rufaffiyar leda, ya kamata ya nuna 75.

Aljihunan katakon sida ne, wanda ake kira na Sifaniya duk da cewa itacen daga tsakiya da kudancin nahiyar Amurka yake fitowa. Masu talla suna son cewa ƙamshinsa yana korar ƙwaro. Yana ɗan rage sha'awar babban ƙwaro, iyakarsa ke nan. Tsutsar da ke cikin kara ba ruwanta da ƙamshin katako.

Yanzu ga inda masu wannan akwati suka fi yaudarar kansu. Sanyin digiri 17 ba ya tabbatar da mutuwar abin da ke cikin ganye. Tsutsar da ta saba da sanyi a hankali tana iya jure digiri sifiri na makonni, balle 17. Tana nan tana jira. Ranar da wuta ta ɗauke na kwanaki, ko farantin ya mutu ana tsakar zafi, ko ka ba wani kyautar kara biyar ya sa a akwatin katakonsa, sai ta ci gaba daga inda ta tsaya. Manyan masana'antu suna turara ganye da iskar fosfin mai kashe ƙwari, wasu kuma, har da Habanos na Kuba, suna daskarar da siga kafin fitarwa. Wannan ya rage matsalar ƙwarai, amma an san ƙwaron yana nuna juriya ga fosfin a wurare da dama, kuma tsakanin masana'anta da hannunka akwai rumbu da jirgi da shago. Saboda haka duk sigar da za ta shiga akwatin, ta fara bi ta firiza.

Yadda ake yi: a sa sigar cikin leda mai zif, a matse iskar a hankali, a rufe, a sake sawa cikin leda ta biyu. Iskar da aka bari a ciki ita ke zama raɓa daga baya. A bar ledar da kowane kara ya zo da ita a jikinsa. Kwana ɗaya a firij, don ganyen rufi ya saba da sanyi kada ya tsage. Sannan firiza mai kai digiri 18 ƙasa da sifiri, awa 72 cur. Abin da ake nema shi ne sanyin ya isa tsakiyar kara, don haka cikakken kwalin katako a ba shi kwana biyar. A sa ma'aunin zafi a tabbatar, domin ɗan ɗakin ƙanƙara na ƙaramin firij sau da yawa ba ya wuce digiri 6 zuwa 12 ƙasa da sifiri, kuma a irin wannan sanyin tsutsa na iya tsira daga kwana uku. Bayan nan a mayar firij kwana ɗaya, a fito da ita ɗaki wani kwana ɗaya, ledar tana rufe har ta daina sanyi a hannu. A nan ne aka fi yin kuskure: mutum ya ƙagu ya buɗe, raɓa ta sauka kan ganye mai sanyi, ya kumbura ya fashe. Daga nan ta shiga akwati ta huta mako biyu zuwa huɗu kafin a kunna ta. Masu cewa daskarewa tana ɓata ɗanɗano galibi sigar da ba ta huta ba suka sha. Idan an bi matakan, ba mu ganin wani bambanci da ya kai a yi kasadar rasa kwali guda.

Idan kuwa an riga an ga huji, a tsaya a duba kowane kara. A riƙe shi a tsaye, a ɗan buga ƙafarsa kan farar takarda. In gari mai laushi ya zubo, akwai tsutsa ko ta taɓa zama. Masu huji a ƙulle su cikin leda a fitar da su daga gidan gaba ɗaya, ba sa jan hayaƙi daidai, kuma ba abin da za a ceto. Duk sauran, har waɗanda suke aljihu na nesa, su tafi firiza. A nan akwati mai sanyaya ya fi na katako sauƙin sha'ani nesa ba kusa ba: aljihunansa suna zarewa, bangonsa roba ne mara tsaga. A zuƙe ƙurar kowane lungu da inji, har da cikin robar bakin ƙofa inda ƙwai ke maƙalewa, a goge da tataccen ruwa, a zubar da jakar injin a waje. Aljihunan katakon ma ana iya naɗe su a leda a daskarar da su. Maganin feshi kada ya kusanci wurin ko kaɗan, katako yana shan sa, siga ta ɗauka, kai kuma ka zuƙa.

Wani abu da akwatin ba ya zuwa da shi kuma ya kamata a haɗa shi ne tarko mai danƙo da ƙamshin macen ƙwaro, irin Serrico na kamfanin Fuji Flavor na Japan, wanda rumbunan taba ke amfani da shi. Galibi maza yake jawowa, don haka ba zai ƙarar da su ba, aikinsa faɗakarwa. A rataye shi a ɗakin, 'yan mitoci daga akwatin, a riƙa sauya ƙamshin kamar duk wata. Idan ya kama wani abu alhali sigarka lafiya lau take, a bincika ma'ajiyar abinci. Ƙwaron nan yana rayuwa a busasshen kayan yaji, da gari, da abincin dabbobi na buhu, da busassun furanni, kuma yana tashi sama, musamman da yamma. Robar ƙofar akwatin ce kariyarka daga irin wannan baƙon. Gwada ta da takarda: rufe ƙofar a kanta ka ja. In ta zare ba turjiya a wani gefe, wurin yana buƙatar gyara.

Mai kara 30 ko 40 da ɗaki mai sanyi ba ya buƙatar wannan akwatin, robar abinci mai rufewa gam da fakiti biyu da firiza sun ishe shi. Mai kwalaye da yake son ajiyewa shekaru, a gidan da zafi ke haura digiri 22 watanni da dama, shi aka yi wa. Ya sayi wanda ya fi tarinsa girma, domin adadin da ake rubutawa a jikin kwali da ƙananan kara ake lissafa shi, kuma iska tana buƙatar hanya tsakanin aljihuna. Ya kuma bincika ko samfurin yana tuna saitinsa bayan ɗaukewar wuta, saboda wasu suna komawa lambar masana'anta, sai an sake saita su da hannu.