Sensar karanshaf ko ta kamshaf: wacce ta hana injin gas tashi?

Sensa biyu ke gaya wa kwamfutar injin gas, wato dizal, na zamani lokacin fesa mai, kuma kowacce da yadda take nuna ciwonta.

Ta karanshaf, wato babban sandan da fistin ke juyawa, tana ƙirga haƙoran faifan da ke jikinsa suna wucewa ta gabanta, da ita ake sanin gudun inji. Idan ta mutu, inji zai yi ta juyawa bai kama ba, allurar gudun inji kuwa ko motsi. Mugun halinta shi ne ta yi aiki da safe, inji na ɗaukar zafi mota ta mutu a hanya, ta huce ta sake tashi. Na'urar gano matsalar mota kan nuna lambar P0335. A injuna da yawa masu tsarin kamfanin Bosch, sensar mai maganaɗisu ce, da kanta take samar da wuta, don haka ana auna ta da mita, kuma gwajin ya fi faɗin gaskiya tana da zafi. Cire ta ka duba bakinta, sau da yawa garin ƙarfe ne ya manne.

Ta kamshaf, wato sandan da ke buɗe bawul, aikinta tantance silindar da ke kan layin samun mai. Lambarta P0340. Wasu injunan sukan tashi ba ita, bayan doguwar wahalar batir. Galibi waya uku gare ta, sai an ba ta wuta, yawanci bolt 5, to wutar za ka fara nema a soket.

A ganina, kafin a sayi ko wacce, a bi waya tukuna. Soket mai tsatsa da wayar da ta gogi jikin inji sun sa an zubar da lafiyayyun sensa da yawa.