Habbatus sauda: ƙwaya, gari, mai ko kafso, wanne za ka saya?

Duk wanda ya shiga shagon magungunan Musulunci ko ya leƙa Kasuwar Kurmi a Kano ya ce a ba shi habbatus sauda, tambayar farko da zai ji ita ce: "Wace iri?" Darajarta ba a ɓoye take ba, tunda hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim ya ambace ta da waraka ga kowace cuta ban da mutuwa. Sai dai hadisin bai ce duk abin da aka ɗura a kwalba aka liƙa wa takarda shi ne ita ba.

Ni dai ƙwayar nake fara ba mutum shawara ya saya. Ita ce mafi arha, kuma idonka da hancinka sun isa su tantance ta. Ta gaske ƙarama ce, baƙa wuluk, mai kusurwa uku. Murza 'yan kaɗan a tafin hannu, za ka ji ƙamshi mai yaji, in ka tauna kuma ɗaci ya biyo baya. A kula, irin albasa da baƙin riɗi suna kama da ita, amma ba su da wannan ƙamshin. Ka daka abin da zai ishe ka kwana biyu ko uku, ka zuba a kunu, shayi ko zuma.

Gari kuwa sauƙi kawai yake sayar maka. Da an niƙa ta ƙamshin ya fara gudu, kuma ba ka san ko tunkuzar da ta rage bayan an tatse man aka niƙa maka ba.

Mai ne ake rububi a kai, a nan kuma algus ya fi yawa. Yi lissafi da kanka: man da ke cikin ƙwayar kusan kashi ɗaya bisa uku ne na nauyinta, wato sai an matse fiye da kilo 3 kafin a cika lita ɗaya. To in ka ga kwalbar da kuɗinta bai kai na ƙwayar da za ta samar da ita ba, ka san an yi mata haɗi da man gyaɗa ko wani mai. Nemi wanda aka matse ba tare da an dafa ba, a cikin kwalbar gilashi mai duhu, domin zafi da hasken rana suna lalata sinadarin timokwinon, wanda masana suka fi danganta amfaninta da shi. Mai kyau yana da ɗaci, yana kuma kartar maƙogwaro. Masu shago sukan ce na Habasha ya fi na Masar da na Indiya ƙarfi, har su ƙara masa kuɗi. Sunan ƙasa a jikin takarda dai kowa na iya bugawa, don haka ka roƙi a bari ka ɗanɗana.

Kafso, wanda galibi ke zuwa da miligiram 500, ya dace da wanda ba ya jure ɗacin ko mai yawan tafiya. Shi ne mafi tsada, kuma ba ka ganin abin da ke ciki. Duba ɓawonsa ma: wasu da jelatin ake yi, wato sinadarin da ake samu daga fata da ƙashin dabba, sai ka nemi mai tambarin halal ko wanda aka yi da tsiro.

A Najeriya, duk wanda aka ƙulla a kwalba ko kwali ya kamata ya zo da lambar NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna), ranar ƙarewar aiki da adireshin kamfani. Amma a gane, lambar da ake ba magungunan gargajiya shaida ce cewa an duba lafiyar shan su, ba ta nufin hukumar ta tabbatar suna warkar da jerin cututtukan da aka rubuta a jiki ba.

Mai ciwon suga ko hawan jini da ke kan magani ya sanar da likitansa kafin ya fara shan man kullum, saboda yana iya ƙara sauke su fiye da yadda ake so, haka ma mai shan maganin tsinka jini. Kada kuma a ajiye maganin asibiti saboda shi. Mai juna biyu ta tsaya a ɗan abin da ake barbaɗawa a abinci, ta bar man sai bayan ta sauka.