Yadda ake ƙara wa tsofaffi furotin a Ingila ba tare da an ƙara girman kwano ba

'Yan uwa, abin da ya fi jan hankalina a kula da tsofaffi a nan Ingila shi ne ba a matsa wa dattijo mara lafiya ya ci da yawa. An san cikinsa ya ƙanƙance, bakinsa ba ɗanɗano. Sai a bar abincin a yadda ya saba, a ƙara masa ƙarfi daga ciki.

Ƙungiyar ESPEN ta masana abincin marasa lafiya a Turai ta ce tsoho mai lafiya na buƙatar giram 1 zuwa 1.2 na furotin, wato sinadarin gina tsoka, a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Idan yana jinya, 1.2 zuwa 1.5. Ke nan tsohuwa mai kilo 60 da ke kwance na neman giram 72 zuwa 90, alhali ƙwai ɗaya bai wuce giram 6 ko 7 ba. In ta gaza samu, jiki ya koma cin tsokarsa, ƙafa ta yi rauni, gyambo ya ƙi warkewa.

Kaya iri biyu ne a kasuwa. Akwai 'yan kwalabe na sha kamar Ensure da Fortisip. Fortisip Compact Protein mai mililita 125 na ɗauke da giram 18. Likita na rubuta su, kuma wanda ya kai shekara 60 ba ya biyan kuɗin maganin da aka rubuta masa a NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati. Amma zaƙinsu na gundurar tsofaffi, za ka ga kwalba rabi a ajiye gefen gado har yamma. Shi ya sa masana abinci kan fara da na kicin, kuma a ganina sun yi daidai.

Babban makaminsu madara ce mai ƙari. A cikin madara mai cikakken mai mililita 568, wadda ita kaɗai ke da kimanin giram 19, ana zuba babban cokali 4 a cike na garin madara marar mai, furotin ɗin ya kusan ninkawa. Sai an fara kwaɓa garin da 'yar madara kaɗan ya yi sumul kafin a tsiyaya sauran. Wanda ya juye gaba ɗaya zai sami gudaji, tsoho kuwa da ya ji gudaji a baki ya ture kofin. A sa a firiji, a ƙarar cikin awa 24, a shayi, a kwastad, a miya. Cuku giram 30 da aka goge a kan dankalin da aka murƙushe yana ƙara giram 7. Kuskuren da ake yawan yi shi ne sayen farin garin nan na kofi a zaton madara ce, alhali mai ne da sukari. A duba bayan gwangwani: garin kirki na da kusan giram 35 a kowane giram 100.

Holan ta bi wata hanya. Can masana'anta ne ke ƙara furotin a burodi da yogot na sha da miya, mara lafiya ya ci abin da ya saba ba tare da wani ya tsaya kwaɓi ba. Matsalarsa, in furotin ya yi yawa burodi kan bushe ya yi tauri ga mai ƙarancin haƙori.

A rarraba furotin ɗin, giram 25 zuwa 30 a kowane cin abinci, musamman karin kumallo inda aka fi gazawa. Kofin madarar kuma a bayar tsakanin abinci, don kada ya toshe ciki. Mai ciwon ƙoda kada a ƙara masa komai sai da izinin likitansa, haka mai wahalar haɗiya, sai an gwada an faɗi kaurin abin da zai iya sha.