Wane yumɓu ya dace da girman aikinka?

Kafin ka sayi yumɓun gina mutum-mutumi, abu biyu ne za su raba maka gardama: girman aikin, da ko kana da tanderun gashi.

Jan yumɓu ya fi sauƙin sarrafawa, yana gasuwa tsakanin digiri 1000 zuwa 1150 a ma'aunin Salshiyos. Farin yumɓun tangaran kuwa santsinsa na jan hankali, amma sai wuta ta haura 1250, yana motsewa har kusan kashi 15 cikin ɗari, kuma yakan lanƙwashe idan aikin ya yi tsawo. Ƙananan abubuwa ya dace da su.

Idan aikin zai wuce santimita 30, shawararmu ka nemi wanda aka cakuɗa da garin tsingaro, kashi 20 zuwa 30. Murza shi a yatsa, za ka ji kaushi. Kaushin nan ne ke buɗa wa ruwa hanyar fita, ya rage motsewa da tsagewa. Kaurin jikin aikin kada ya wuce santimita 2. In a dunƙule ka gina, jira ya ɗan yi tauri, ka yanka shi biyu da waya, ka ƙwaƙule cikin, ka kakkarce bakin, ka shafa ruwan laka ka haɗe, sannan ka huda ƙaramin rami a ƙasa. Danshi ke tarwatsa aiki a tanderu: a digiri 100 ya zama tururi, ya rasa mafita. Don haka a lulluɓe da leda ya bushe sannu a hankali, musamman hannuwa da kunnuwa da kan riga jiki bushewa su ɓalle. Kada a bar ƙarfen da aka sa ya tallafi aikin lokacin gini a ciki, domin yumɓun zai matse shi ya dare.

Wanda ba shi da tanderu fa? Yumɓu mai bushewa a iska ya wadatar, sai dai ruwa na lalata shi. Na polima, wato yumɓun roba, yana gasuwa a obin ɗin girki na gida wajen digiri 110 zuwa 135, amma don ƙananan ayyuka. Plastisin, wato yumɓu mai maiƙo irin na wasan yara, ba ya bushewa sam. Amfaninsa gina samfurin da za a ɗauki zubinsa.

Kowanne ka zaɓa, fara sayen kaɗan. In na tanderu ne, yi falle, ja layin santimita 10 a kai, ka busar, ka gasa, ka sake aunawa. Idan ya koma 9, sai ka ƙara wa aikin kusan kashi 11 tun wajen gini.